Yadda na hana kwamfutata mutuwa a tsakiyar gem

Tun da na saka katin girafik RTX 3080, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, da zarar gem ya yi zafi sai kwamfuta ta ɗauke ɗif, ta sake tashi da kanta. Da farko na zargi zafi, na share ƙura, na duba fankoki. Ba nan matsalar take ba.

Sai na zauna na yi lissafin wuta. Katin kaɗai yana cin wat 320, furosesata Ryzen 5 5600X, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kaiwa wat 76, ga madabod (faifan da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kansa) da fankoki da faifai. PSU ɗina kuwa, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, na wat 550 ne. A takarda kamar ya isa, amma irin wannan kati yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, sai kariyar PSU ta katse komai. Nvidia ma, kamfanin da ya ƙirƙiri katin, ta ce a nemi PSU mai wat 750.

Na sayi mai 850, 80 Plus Gold (shaidar cewa ba ya ɓarnar wuta sosai), don samun sarari. Na kuma ba kowace kafar shigar wuta ta katin wayarta daban, kuma ban haɗa da wayoyin tsohon PSU ba, domin tsarinsu kan bambanta har ya ƙona kaya. Wata guda ke nan ba ta sake mutuwa ba.