Yadda Ake Neman Zaman Masu Barin Giya a Damagaram

Wanda ya ƙudurta barin giya a Damagaram, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kunya, domin daga Birni har Zango da wuya mutum ya shiga wani gida ba a gane shi ba. Saboda haka ka fara da ma'aikacin lafiya, wanda aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri: ka je CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) na unguwarku ko Babban Asibitin Ƙasa, ka tambaya ko akwai masu irin wannan matsala da ke haɗuwa. Zuwan yana da wani amfani kuma, domin wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da makyarkyata, farfaɗiya ko gushewar hankali cikin kwana 2 zuwa 3, kuma wannan aikin likita ne.

Idan ba a samu zama ba, mutum biyu ko uku sun isa su fara, bisa tsarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous da aka kafa a Amurka a 1935. Sharaɗin shiga ɗaya ne, wato son daina sha. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma abin da aka faɗa ba ya fita waje. A ganina, a zaɓi wuri nesa da fadar abokan sha.

Ranar farko ba dole ka yi magana ba. Saurare ya wadatar. Kafin ka tashi, ka karɓi lambar wayar wanda ya daɗe da bari, don kira idan sha'awa ta taso.