Darasi na Bakwai: Zabo da Halayensa

Zabo tsuntsun Afirka ne. Asalinsa kudu da hamadar Sahara, cikin daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, inda ruwa bai yi nisa ba. Daga nan aka kai shi Turai da Amurka, har yau Faransa tana cikin ƙasashen da suka fi kiwonsa. Sai dai duk daɗewarsa a hannun mutum, halin daji bai sake shi ba. Mai kiwon da ya ɗauke shi kamar kaza, asara zai yi.

Ku dubi jikinsa da kyau. Tsawonsa santimita 53 zuwa 58, nauyin na daji kusan kilo 1.3. Gashinsa toka-toka ne da ɗige-ɗigen fari: kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Kansa ba gashi. A bisa kan akwai ƙaho na ƙashi, ga leɓatu biyu suna reto a gefen baki.

Yana da fikafikai, amma ƙafa ya fi dogara da ita. Idan ya firgita gudu yake fara yi, sai abin ya kai maƙura ya tashi fir, ya yi ɗan nisa ya sauka. Garken zabi, wanda kan kai 25 a lokacin rani, yana iya cin kilomita 10 a yini wajen neman abinci. Suna tonon ƙasa, suna tsintar ƙwayar ciyawa, fara, gara, tsutsa da kaska. Da rana ta take sai su nemi inuwa su yi birgima cikin ƙura, abin da ke rage musu ƙwarin jiki. Magariba na yi su haye bishiya. Shi ya sa zabin gida ke ƙin akurki idan ba tun suna ƙanana aka saba musu ba.

Yaya ake gane mace da namiji? Ido yana yaudara, ko da yake ƙaho da leɓatun namiji sun ɗan fi girma. Kunne ya fi. Zabuwa tana da kuka mai gaɓa biyu da take maimaitawa ba gajiya. Namiji ba ya iya wannan, nasa gaɓa ɗaya ce, kyat-kyat-kyat. Surutun nan yana da amfani, don shaho ko maciji ba ya kusantar garke ba su tona masa asiri ba.

Da damina ta faɗi garke ke watsewa, su rabu biyu-biyu, mace da namiji. Zabuwa sai ta nemi duhuwar ciyawa, ta ɗan tone ƙasa, ta zuba ƙwai. Ta daji takan yi 6 zuwa 12, ta gida kuwa tana wuce haka nesa idan ana ɗiba. Ƙwan ya fi na kaza ƙanƙanta, yana da tsini a gefe ɗaya, ɓawonsa da tauri ƙwarai. In kun gano inda take yi, kada ku kwashe duka. Ku bar biyu ko uku, in ba haka ba ta sauya wuri, ku koma nema.

Kwanci kwana 26 zuwa 28 ne. Na kaza 21. Wanda zai haɗa wa kaza ƙwanta da na zabi, ya sa na zabin mako guda kafin nata, su ƙyanƙyashe tare.

Me ya sa ake ba kaza? Domin zabuwa, a gaskiya, ba ta iya reno ba. Da 'ya'yan sun bushe take jan su cikin ciyawa da sassafe, ba ta waige. Raɓa ta jiƙa su, sanyi ya kama su, kafin hantsi wasu sun kwanta. Wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan zabi a makonnin farko. Ku tsare su a wuri busasshe mai ɗumi har rana ta shanye raɓa. Ruwan shansu a zuba a abu marar zurfi, a jefa 'yan tsakuwa ciki don kada su faɗa.

Aiki: Ku saurari kukan zabi biyu, ku rubuta wanne ne mace da dalilinku.