Kurakuran da muka fi yi wajen koyar da lissafi, da hanyar gyara su

Yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ba ta ɓata canji. Ka sayi ta naira 350 ka miƙa mata 1,000, kafin ka gyara tsayuwa ta ƙirgo maka 650. Amma da safe in aka rubuta mata 1000 − 350 a allo sai ta rasa ta inda za ta kama, ƙarshen zango kuma a rubuta a katinta cewa ba ta ja a lissafi. Kan yarinyar nan lafiya lau yake. Yadda muke koyar da ita ne ke buƙatar gyara, kuma yawancin gyaran ba sai an jira kuɗi daga Abuja ba.

Babban kuskure, wanda ya fi damuna, shi ne jan biro kan amsar yaro ba tare da an tsaya an ga ta inda ya biyo ba. An ba yaro 52 − 38, ya rubuta 26. Malam ya zabga masa kuros ya wuce. Alhali 26 ɗin nan ba cinta ya yi ba. Ya ga 2 a sama 8 a ƙasa, an kuma taɓa gaya masa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya sami 6, ya cire 3 daga 5 ya sami 2. Yana da ƙa'idar da yake bi, ƙa'idar ce gurguwa. In ba a gano ta ba, ko lissafi ɗari aka ba shi haka zai yi su duka. Kuma maimaita masa "ka ari ɗaya" ba ya warkar da shi, domin bai san abin da ake arowa ba.

Ga abin da ke aiki. A samo tsinken tsintsiya, a ɗaure goma goma da kyauro. A ajiye masa ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce ya ba abokinsa 38. Zai miƙa ɗauri uku, ya tsaya yana kallon tsinke biyun da suka rage. Kada malam ya yi saurin ceto shi. Da kansa zai kwance ɗauri guda, tsinke su zama 12, ya cire 8, ya ga saura ɗauri ɗaya da tsinke huɗu, wato 14. Daga ranar ya san ɗayan da ake arowa goma ce aka kwance. Sai a koma zane, daga nan a koma lamba. Wannan jeri na fara taɓawa da hannu, sannan hoto, sannan alama, shi ne ginshiƙin koyar da lissafi a firamaren Singafo, ƙasar da ɗalibanta ke yawan zuwa kan gaba a gwajin ƙasashen duniya. Marfin kwalbar lemo, ƙwallon dabino, tsakuwa da karan dawa duk sun wadatar.

Haddar jadawalin sau ba laifi ba ce, ina ma goyon bayanta. Laifin shi ne a tsaya a waƙar. Yaron da ke rera bakwai sau takwas amma sai ya faro daga bakwai sau ɗaya kafin ya iso, waƙa ya riƙe. A riƙa tambayarsa a tsallake, a kuma sa shi ya jera tsakuwa layi bakwai, kowane layi takwas.

Inda yara suka fi zubewa shi ne kashi-kashi, abin takaicin kuma nan ne muka fi kowa abin misali. Ɗalibi zai tara 1/2 da 1/3 ya rubuta 2/5, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kafin a koya masa wata dabara, a tambaye shi: kana da rabi aka ƙara maka, yaya aka yi abin ya koma bai kai rabi ba? Sai a zube dabino 12. Rabinsu 6, sulusinsu 4, an tara 10 cikin 12, wato 5/6. Yaran nan da yamma suna Islamiyya suna jin rubu'i da sudusi da sumuni a babin gado. Sun san matar mamaci na samun sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Iyayensu na fitar da ɗaya cikin goma na amfanin gonar damina, ɗaya cikin ashirin na wanda aka sha wahalar ban ruwa, da ɗaya cikin arba'in na dukiya, wanda shi ne 2.5 cikin 100. Manomin da ya sami buhu 30 na masara a Ningi, buhu nawa ne zakkarsa? Tambaya irin wannan ta fi misalin tuffa da pizza da ke cikin littattafan da ake kawo mana shiga kan yaro.

Sai batun harshe. Sau da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da yaro tun bai kai ga lissafin ba. Karanta masa ita da Hausa, sai ka ji ya faɗi amsa. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussa da Yarabanci tsawon shekara shida har da lissafi, ya nuna ba su yi baya ba, har a Turancin ma. Malam ya yi bayani da Hausa har sai an gane, sannan ya ɗora sunan abin da Turanci a allo, tunda da Turanci za a yi jarrabawa. A tuna kuma a Bauchi akwai yaron da Fulatanci ko Sayanci ko Jaranci ya tashi da shi, Hausar ma a waje ya tsince ta, shi yana buƙatar ƙarin haƙuri.

Akwai kuma tseren gama manhaja. Malami na tsoron mai duba makarantu ya zo ya tarar bai kai inda aka tsara ba, sai ya shiga aljabara da ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare wanda bai iya raba 84 gida huɗu ba. Lissafi hawa hawa ne, wanda ya rasa na ƙasa ba ya taka na sama. A makon farko na zango a gwada kowane yaro shi kaɗai: ya gane lamba, ya tara, ya ɗebe, ya raba. A kasa su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, a ware wani lokaci kullum kowane rukuni ya yi aiki a matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da wannan tsari, an kuma gwada shi da Hausa a wasu jihohin Arewa. A aji mai cunkoso, waɗanda suka gane su taya na kusa da su, mai koya wa wani ma ƙara ganewa yake yi.

Bulala kan amsar da ba daidai ba tana koya wa yaro abu ɗaya, ya daina ɗaga hannu. Wanda ya daina gwadawa kuwa ba za ka ƙara ganin kuskurensa ba, balle ka gyara. Iyaye ma da nasu. Uba ya ce gidanmu ba ma jin lissafi, uwa ta ce wa 'yarta wannan na maza ne, sun rufe ƙofar tun kafin malam ya shigo aji. Masu ganin abin baƙo ne a wurinmu su tuna da Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi fice a ilimin lissafi har ya rasu a Alƙahira a 1741.

'Yan babbar sakandare kuma, kuskurensu rubuta amsa tsurarta. A takardar WAEC da NECO ta warware lissafi ana ba da maki kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Malami ya saba musu da rubuta kowane mataki, shi ma ya ba da maki a kansa tun a gwajin aji. Makarantar da ke rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa cutarsu take yi, domin kiredit ɗin zai kai su ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, amma ba zai zauna musu darasin injiniya na shekarar farko ba.

Ga hedimastoci, a daina tura malamin da ya fi rauni aji ɗaya da biyu da sunan ƙananan yara ne kowa zai iya. Nan ne ya kamata gwani ya tsaya. Malaman da suka fito kwalejojin ilimi na Azare da Kangere da dama sun iya lissafin, abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da su kan yadda ake koyar da shi. A ware awa ɗaya a mako, malaman lissafi na makaranta su haɗu, kowa ya zo da littattafan yara uku da suka faɗi, a buɗe a bi amsoshin layi layi har a gano ƙa'idar da kowane yaro ke bi, a tsara abin da za a shiga aji da shi ranar Litinin.