Babi na 7: Wane H Ne Yake Fita?

Darasi na 1

Ku ɗauki fensir ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: CH3COOH. Kada gabanku ya faɗi, baƙaƙe ne kawai. C kabon ne, H haidirojin, O kuma oksijin. Lambar 3 da ke bin H tana nufin H guda uku ne a wurin. Sunan wannan sinadari asetik asid.

Yanzu ku ɗora yatsa a kan baƙaƙe huɗun ƙarshe, COOH. Sunansu rukunin kaboksil, kuma su ne suka mai da sinadarin asid. Asid kuwa shi ne abin da ke sakin H idan ya shiga ruwa.

To, a nan ake tuntuɓe. Ku ƙirga H: uku a farko, ɗaya a ƙarshe, huɗu ke nan. Ɗaya tak ke fita, na ƙarshen nan da ke manne da O. Ukun da ke jikin C ba sa zuwa ko'ina. Ku zagaye na ƙarshen. Wanda ya zagaye H3 ya goge, ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Ku sake duba takardarku. Zagayen yana kan H na jikin O? Madalla.

Ga wani: HCOOH, wato fomik asid, wanda wasu tururuwa ke fesawa don kare kansu. H biyu ne. Wanne ke fita? Haba jama'a! Duk ajin da na koyar sai wani ya nuna na farko, wai don shi ya fara gani. Na farko yana jikin C. Ba mun gama wannan ba? Na jikin O, na jikin O. Ku rubuta sau biyar kafin ku juya shafi.

Darasi na 2

Tsoma shuɗiyar takardar litmos a ruwan asid, za ta koma ja. Zuba ɗan garin sodiyam baikabonet, za ka ga kumfa na tashi, iskar CO2 ce. Ban ce a ɗanɗana ba, kuma ban ce a shinshina ba.

Darasi na 3

Ba kowane OH, wato O mai H a jikinsa, ke sakin H da sauƙi ba. Ana auna wannan da lambar pKa, kuma ƙaramar lamba ita ce asid mai ƙarfi. Fenol da etanol wasu sinadarai ne da su ma ke da OH. Asetik asid 4.76, fenol wajen 10, etanol wajen 16. Shi ya sa fenol ba ya kumfa da baikabonet.

Darasi na 4

Akwai kuma SO3H, rukunin salfonik. Ya fi COOH ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku zagaye H ɗinsa.