Yadda za ki kula da haƙoran yaro mai ciwon Marfan, Ehlers-Danlos ko ƙashi mai saurin karyewa

Waɗannan cututtukan yawanci gadonsu ake yi, kuma suna taɓa abin da ke riƙe fata da gaɓoɓi da ƙashi ne, to dasashi da haƙori ma ai da shi aka gina su, shi ya sa bakin yaron yake son kulawa ta daban.

Tun kafin ya hau kujerar likitan haƙori ki faɗi sunan ciwon da duk magungunan da yake sha, kar ki ce ai yana cikin fayil. Mai Marfan sau da yawa gandarsa a zurfafe take, haƙora sun cunkushe, ga batun zuciya, in an taɓa sa masa bawul (ƙofar da jini ke bi a zuciya) na roba ko na ƙarfe to likitan zuciyarsa ne zai ce ko sai ya sha antibayotik kafin a taɓa dasashi. Mai Ehlers-Danlos kuwa dasashinsa na saurin zubar da jini, ɗinki ba ya kamawa da kyau, muƙamuƙi na iya gocewa in ya daɗe baki a buɗe, don haka ki roƙa a riƙa ba shi hutu. Kuma wasunsu allurar kashe zafi ba ta kama su sosai, in yaro ya ce yana jin zafi wallahi ki yarda da shi, ba shagwaɓa ba ce.

Mai ƙashi mai karyewa za ki iya ganin haƙoransa sun yi ruwan toka ko ruwan ƙasa suna ɓantarewa, ba datti ba ne, kar ki hau dirza. Haƙoran farko sun fi shan wahala, likita kan sa musu hular ƙarfe ta kare su. In ana masa ƙarin ruwan maganin ƙarfafa ƙashi irin su pamidronate, a sanar kafin cire haƙori.

A gida kuma burushi mai laushi, man goge baki mai fuloraid, sau 2 a rana minti 2, ki riƙa taya shi har ya kai shekara 7 ko 8, musamman in yatsunsa na lanƙwashewa, sai ki samo burushi mai kaurin mariƙi ko na lantarki. Zaƙi a rage, musamman da dare bayan an goge baki. Ganin likitan haƙori na farko kar ya wuce shekara 1, daga nan shi zai faɗa miki duk wata nawa za ku riƙa komawa.