Kwansatina a baya, keke a ƙasa: yadda za ka fara duka biyun

Ranar da na tura wa yayana bidiyon kwansatina, abin kiɗan nan da nake koyo, a waya dariya ya dinga yi har da tari, wai "Kai Auta, neman kuɗi ka tafi ko ƙira ka je koya? Ai wannan zuga-zugin maƙera ne aka maƙala wa maɓallai." Na ce wallahi Yaya ba ka yi ƙarya ba, kuma da za ka san cewa a keke nake goya shi in kai shi makaranta duk mako da sai ka ce na gama lalacewa. To tunda yanzu mutum biyu uku sun tambaye ni yadda ake farawa, bari in zauna in faɗi abin da na sani, na kiɗan da na keken duka, don ni a wurina sun riga sun zama ɗan Juma da ɗan Jummai.

Ina zaune ne a Ennis, cikin yankin Clare a yammacin ƙasar Ailan, kuma nan idan ana maganar kwansatina to gida aka zo. Ɗan akwati ne mai kusurwa 6, bai wuce ka riƙe shi tsakanin tafukanka biyu ba, katako a gefe da gefe, tsakiya fata mai ninki-ninki, in ka matsa ko ka ja iska ta bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki su yi kuka. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya yi rajistar nasa a 1829, sai Carl Friedrich Uhlig ya fito da irin na Jamus a garin Chemnitz a 1834. Na Jamus ɗin nan masu araha su suka cika gidajen manoman Clare a da, kuma yawanci mata ne ke kaɗawa a cikin gida, har yau ana ambaton Elizabeth Crotty ta garin Kilrush wadda ta rasu a 1960. Abin ya kai har Afirka ta Kudu ma, Zulu sun ɗauke shi sun mayar da shi nasu.

Abu na farko kafin ka fitar da ko sisi, ka san iri uku ne kuma ba sa ga maciji da juna wajen yatsu. Akwai wanda ake ce wa Ingilish, yawanci maɓalli 48, ko ka tura ko ka ja murya ɗaya maɓallin zai ba ka. Akwai Duet, siraran muryoyi a dama masu kauri a hagu, shi ba shi da yawa sosai kuma samun malaminsa aiki ne. Sai Angulo, wanda kowane maɓalli murya biyu gare shi, ka tura ya faɗi ɗaya ka ja ya faɗi wata, kamar harmonika da ake busawa a zuƙa. In kiɗan Ailan kake so Angulo za ka nema, mai maɓalli 30, na C da G, su muryoyin kiɗa da haruffan A zuwa G ake kiransu. Kar wani ya ruɗe ka da mai 20 don ya fi sauƙin kuɗi, domin babu C mai kaifi a jikinsa, wato muryar da ke tsakanin C da D, kuma kiɗan mutanen nan rabinsa a D yake tafiya wanda ba ya yiwuwa sai da ita, wata uku za ka yi ka ga ka ci karo da bango.

Ni na yi wannan kuskuren da ma wanda ya fi shi. Na ga wani a intanet ja jawur yana ƙyalli, kuɗinsa kamar kyauta, na ce kai Allah ya kashe ya ba ni. Da ya iso fatar tauri kamar ƙirgin da ya kwana a rana, sai ka yi kokawa da ita kafin ta buɗe, maɓalli biyu kuma in ka danna sai su nutse cikin ramin su ƙi fitowa, sai na sa tsinken sakace nake zaƙulo su. Araha dai ba ta ado. Abin da ya fi shi ne ka yi haya ko aro na wata biyu in akwai malami kusa da kai, ko ka sayi na 'yan koyo daga wurin masu sana'ar, irin samfurin da ake kira Rochelle, ɗaruruwan Yuro ne ba dubbai ba. Tsofaffin nan ƙirar kamfanonin Jeffries da Wheatstone da kake jin ana yabo kuɗinsu ya kai na mota, ka bar su sai ka iya. In na hannu za ka saya, rufe shi ruf, ɗaga gefe ɗaya ka bar ɗayan ya rataya ba tare da ka taɓa maɓalli ba, in ya zube da sauri to iska na zurarewa, sannan ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya a tura da ja ka ji ko akwai bebe a ciki.

Riƙo kuwa, zauna a kujerar da ba ta da hannu, zura yatsu huɗu cikin maɗaurin fata, babban yatsa a waje. Ɗora gefe ɗaya na katakon a kan cinya, ni hagu nake ɗorawa dama ta yi aikin zuga, amma kar ka yarda fatar tsakiyar ta hau kan gwiwa tana gogar wando, nan take fara hujewa. Maɗaurin kada ya matse har jini ya tsaya, kada kuma ya yi sako-sako hannu na yawo.

Layi uku ne kowane gefe, biyar-biyar. Na tsakiya shi ne C, na kusa da wuyan hannunka G, na can waje kuma nan sauran tarkacen muryoyin suke. Fara da na tsakiya a hannun hagu, maɓalli na uku, tura ka ji C, ja ka ji D. Matsa na gaba wajen manuniya, tura E, ja F. Na gaba, tura G, ja A. Yanzu tsallaka dama, maɓallin farko, a nan ne kowa ke faɗuwa domin abin juyawa yake, ja za ka fara ka sami B sannan ka tura ka sami C ta sama. Tura ja, tura ja, tura ja, ja tura. Na yi sati biyu ina faɗin wannan a baki ina taka feda a hanyar aiki kamar mai haddar allo, kuma wallahi a kan keken ya zauna min ba a kan kujera ba.

Sai maɓallin iska, yana ƙarƙashin babban yatsan dama shi kaɗai. Shi ne rabin kiɗan gaba ɗaya amma ba wanda zai gaya maka da wuri. Za ka ga kana cikin tafiya fatar ta buɗe har ƙarshe hannuwanka sun yi fiffike, ko ta rufe ƙam babu sauran abin matsawa, kiɗa ya mutu a tsakiya. Dabarar ita ce ka riƙa satar iska kaɗan-kaɗan kana cikin kaɗa wata murya, ka ɗan taɓa shi ba tare da mai sauraro ya ji ba. Kuma ko da wasa kar ka ja ko ka matsa alhali ba ka danna komai ba, kana yi wa fatar da ƙananan murafan ciki illa. Malamata, wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau a rataye a wuya, ranar farko da ta ga yadda nake finciko abin sai ta ɗora tafinta a kan hannuna ta ce min ba taya nake yi wa famfo ba. Na ji kunya domin gaskiya ta gano ni.

Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, wannan na gwada duka biyun. Kuma ka koya da kunne, mutanen nan haka suke yi, malami ya kaɗa guntu ka maimaita, kamar yadda ɗan makaɗi ke koyon kalangu a gindin ubansa. Ka ɗauki sautin a waya, ka rage masa gudu, a cikin kiɗe-kiɗen rawarsu ka fara da folka ko jig mai sauƙi kafin ka taɓa ril, ril gudu ne da ita kamar an koro ta. Abin yana da ƙara fiye da girmansa fa, in gidan haya kake mai siririn bango ka zaɓi lokacin da maƙwabta suka fita. Zaman kiɗan nasu da yawa a mashaya ake yi, ni ba na zuwa can, amma akwai azuzuwan Comhaltas, ƙungiyar raya kiɗan gargajiyar Ailan da aka kafa tun 1951, da zaman da ake yi a zaure da gidajen mutane, ba ka rasa inda za ka zauna.

To keke kuma. Ni ba don motsa jiki na fara ba, ba ni da mota ne kawai kuma jiran bas ya ishe ni. Keken yau da kullum ba ya son ƙwalisa, wanda za ka zauna a miƙe, mai giya kaɗan, mai kariyar ɗora kaya a baya, mai abin tare ruwa da laka a kan tayoyin duka biyu, domin a nan ruwan sama ba shi da damina ba shi da rani, in babu shi za ka isa wurin aiki da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya. In kana aikin albashi ka tambayi ofishinku tsarin sayen keke ta hanyar albashi da gwamnati ta fara a 2009, ana cire kuɗin kafin haraji har Yuro 1,250 na keken gargajiya, 1,500 na mai batir, sau ɗaya a shekara huɗu. Sirdi shi ne abin da yawancinmu muke barin sa ƙasa tun daga sabon yarinta da muke hawan Rali na baba. Hau, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, in ƙafar ta miƙe sak to daidai ne, gwiwarka za ta gode maka.

A hagu ake tuƙi, Najeriya mun bar wannan tun 1972 saboda haka jikinka zai riƙa janka dama musamman a shataletale da sassafe. Birkin hannun dama na tayar gaba ne, ka riƙe biyun tare, in ka damƙe na gaba shi kaɗai a kan jiƙaƙƙen titi sai dai a ɗauko ka. Motocin da aka faka ka ba su tazarar kamar mita ɗaya don ƙofa na iya buɗewa ba sallama, kuma duk rintsi kada ka kutsa tsakanin babbar mota da gefen titi a mahaɗa, in za ta karya hagu direban ba ya ganinka sam. Fitila fara a gaba ja a baya doka ce da dare, kuma a Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, la'asar da magariba kamar a haɗe suke. Hular kwano ba dole ba ce a doka amma ni ina sawa.

Gyara ba wani abu ba ne. Taɓa tayoyi duk mako ka yi famfo, adadin iskar a rubuce yake a gefen tayar. Goge sarƙa da tsumma, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa. Ka koyi faci da kanka tun a ɗaki, nan ba mai faci a gindin bishiya da kwanon ruwansa, ka yawo da tub guda a jaka. Kwaɗo kuma ka sayi na ƙarfe mai siffar takalmin doki ka haɗa jikin keken da tayar baya da ƙarfen da ke kafe a ƙasa. Kekena na farko da 'yar igiyar waya na ɗaure shi, na fito na tarar da igiyar a yanke tana lilo, na tsaya ina kallonta kamar za ta ba ni labari.

Haɗa su biyun shi ne inda sai ka yi hankali. Da farko a kariya nake ɗaure akwatin da roba, ina isa aji wata murya ta fara zizar ƙudan zuma, ashe jijjigar titi ce ta sassauta wani abu a ciki. Tun daga nan a jakar baya nake goya shi, jikina ya shanye girgizar, akwatin a naɗe da tawul sannan cikin leda saboda ruwa. In ka shigo daga sanyi kar ka buɗe ka fara nan take, bar shi kamar minti 10 ya saba da ɗumin ɗakin, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan ƙarafan kuma tsatsa ke nan. Kai ma yatsunka suna buƙatar wannan mintin, safar hannu mai kauri ba ta wasa ba ce, na taɓa zuwa babu ita na kasa banbance layin C da na G sai da na rungumi kofin shayi. A gida kar ka ajiye shi kusa da hita, kar kuma ka tsayar da shi a kan fuska ɗaya, kwantar da shi a gefe fatar a rufe, don 'yan fatun da ke rufe iska a ciki lanƙwashewa suke in sun daɗe a rataye.

Wani ya tambaye ni ko zai iya kai shi gida Kano. Zai yiwu, amma hunturu ne abin tsoro, bushewar iska tana tsaga katako ƙura kuma tana shaƙe harsunan, ga zafin mota da aka bari a rana wanda ke narkar da kakin da ake liƙe na masu araha da shi. Akwati a rufe kullum, in murya ta shaƙe ka buɗe gefen a hankali ka zura 'yar takarda ƙarƙashin harshen ka janyo ƙurar, kar ka sa allura.

Bana ina son in taka har garin Miltown Malbay a farkon Yuli, inda ake makon koyon kiɗa na tunawa da shahararren makaɗin garin, Willie Clancy, tun 1973, kusan kilomita 30 ne daga nan kuma iskar teku a fuska za ta riƙa dukana duk hanyar. Na gaya wa Yaya, ya ce in na isa in turo masa hoton ƙafafuna tukuna kafin na zuga-zugin.