Yadda na cire kunnuwan birki daga jikin keken dutse

Tunda na koma birkin faifai, kunnuwan tsohon birki biyu na baya, wato ƙananan ƙarafan da aka liƙa a bututun jikin keken don ɗaura birki, suka zama ba aiki, sai kama igiyar kaya da yage buhu. Mai walda a unguwar Yantala ta Yamai ya ce a narke su da wuta. Ban yarda ba, domin bututun siriri ne, zafi yana raunana shi. Guduma kuwa lotsa shi za ta yi.

Na fara ɗora maganaɗisu, ya kama, ƙarfe ne ke nan. In alminiyam ne, a bar tudun waldar, kada a goge shi. Sandunan da birki ke juyawa a kansu masu zare ne, da sifana suka kwance.

Sai gindin kunnuwan da ya rage a jikin bututun. Na naɗe bututun da salatif ninki uku, na sa zarton ƙarfe mai haƙora 32 a kowane inci da na sayo a kasuwar Katako, na yanka na bar milimita 2. Wannan ragowar ita ce kariyar bututun. Na bi da magagari a hankali, ina bin zagayen bututun, da na ga launin tagullar liƙi ya fito na tsaya. Na bi da samfefa mai lamba 120, sannan 240, sannan 400. Na goge da fetur, na shafa fentin hana tsatsa sau biyu kafin baƙin fenti.

Alhamdulillahi, igiya ta daina maƙalewa.